An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Tarzomar Ƙyamar Baƙi a Birtaniya da Waɗanda Suka Tare Hanya

Ranar Litinin 29 ga Yulin 2024, wani matashi ɗan shekara 17 ya kutsa ajin koyon rawa na yara a Southport, wani gari da ke bakin teku a arewa da Liverpool. Ya kashe yara mata uku da wuƙa, ya raunata wasu mutum goma. Ƙaramar cikin waɗanda suka rasu shekararta 6, babbarsu 9. Dokar Ingila ta hana a bayyana sunan wanda ake tuhuma matuƙar bai kai 18 ba, saboda haka 'yan sanda suka ja bakinsu suka yi shiru. Kafin magariba, wasu sun cike gurbin wannan shirun da ƙarya. Aka ƙirƙiro suna mai kama da na Larabawa, aka baza a shafukan sada zumunta cewa makashin Musulmi ne, mai neman mafaka ne, kuma bai daɗe da tsallako teku a ƙaramin kwalekwale ba.

Babu ko ɗaya daga cikin ukun da ke gaskiya. Makashin, Axel Rudakubana, a birnin Cardiff na Birtaniya aka haife shi, iyayensa Kiristoci ne 'yan asalin Ruwanda. Daga baya ta bayyana cewa sau uku ana kai rahotonsa ga shirin gwamnati na daƙile tsattsauran ra'ayi tsakanin 2019 da 2021, kuma sau uku ana rufe batun. Tambayar da ta dace a yi ke nan: ta yaya hukumomi suka bar yaro irin wannan ya suɓuce musu? Amma a washegarin kisan, ba ofishin hukuma jama'a suka nufa ba. Masallacin garin suka nufa. Suka rushe katangar gabansa suna jifa da tubalanta, suka cinna wa motar 'yan sanda wuta, shugaban masallacin da wasu mutane kaɗan suna kulle a ciki. Jami'ai sama da 50 ne suka ji rauni a daren.

Ranar 1 ga Agusta alƙali ya ɗage takunkumin, aka faɗi sunan yaron na gaskiya, amma wutar ta riga ta kama. Cikin mako guda ta zagaye Hartlepool da Sunderland da Hull da Liverpool da Belfast da wasu garuruwa da dama. A kusa da Rotherham, ranar 4 ga Agusta, gungun mutane suka kewaye wani otel da ke ɗauke da masu neman mafaka sama da 200, suka farfasa tagogi, suka tura kwandon shara mai ci da wuta bakin ƙofa, mutane suna ciki. A Middlesbrough an ɗauki bidiyon samari sun tare mahaɗar titi suna leƙa motoci, suna tambayar direbobi ko su farare ne, ko Ingilishi ne. A nan ne aka ƙone motar wani ɗan Najeriya mai aikin kula da tsofaffi, ya dawo daga aiki ya tarar da ƙarfe kawai. Abin ya kai har gwamnatin Najeriya ta gargaɗi 'yan ƙasarta da ke Birtaniya su yi taka-tsantsan.

Ƙarya ita kaɗai ba ta tayar da gari. Sai ta tarar da ciwo a ƙasa. Yawancin garuruwan da aka yi ɓarnar suna cikin mafiya talauci a Ingila, wuraren da masana'antun ƙarfe da ma'adinan kwal da tashoshin jiragen ruwa suka mutu tun shekarun 1980 ba a maye gurbinsu da komai ba. Dokar 1980 ta ba masu haya damar sayen gidajen ƙananan hukumomi, aka sayar da kusan miliyan 2 a Ingila, ba a gina madadinsu ba. Daga 2010 aka shiga tsuke bakin aljihu, aka rurrufe ɗakunan karatu da cibiyoyin matasa. A 2024 jerin jiran magani a asibitocin gwamnati ya haura miliyan 7 da rabi. Wanda ya shekara goma yana jiran gida, ya kwana a kujerar asibiti da mahaifiyarsa, ba ƙarya yake yi ba idan ya ce an manta da shi. Inda aka yaudare shi shi ne wajen nuna masa mai laifin.

A duba yadda batun otel ɗin yake. Tun dokar 1999 ake rarraba masu neman mafaka zuwa inda haya ta fi araha, wato ana kai talakan waje unguwar talakan gida, ba a kai shi unguwar masu hali. Doka ta hana shi aiki sai ya shekara yana jiran hukunci, ko a nan ma sai a wasu 'yan ayyuka da gwamnati ta lissafa. Idan a otel mai ba da abinci aka ajiye shi, abin da ake ba shi a 2024 bai kai fam 9 a mako ba. Shi bai zaɓi otel ɗin ba, bai zaɓi garin ba, ba kuma shi ya jinkirta duba takardunsa ba. Ma'aikatar cikin gida ce ta tara shari'o'i, sannan dokar 2023 ta daskarar da duba buƙatun dubban waɗanda suka shigo ta teku, suka zauna jiran gawon shanu. A ƙarshen Satumban 2023 mutum kusan 56,000 ne ke zaune a otel kusan 400, ana kashe wajen fam miliyan 8 a kullum. Kuɗin nan ba aljihun baƙon suke shiga ba. Kamfanoni uku masu zaman kansu, Serco da Mears da Clearsprings, su ke riƙe da kwangilar masaukin, kuma ofishin binciken kuɗin gwamnati ya ce kwangilar da aka ƙiyasta za ta ci fam biliyan 4.5 cikin shekara goma yanzu ana sa ran ta kai biliyan 15.3. Mutumin Rotherham yana wucewa ya ga samari zaune a bakin otel ba aikin fari ba na baƙi, ransa ya ɓaci. Bai ga dokar da ta zaunar da su ba, bai ga kamfanin da ke karɓar kuɗin ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Ko ta fuskar adadi ma, masu kwalekwale ƙalilan ne cikin masu shigowa. Kusan 46,000 suka tsallako a 2022, ƙasa da 30,000 a 2023, a daidai lokacin da rarar masu shigowa a kan masu fita ta haura 900,000 a shekara guda. Galibin waɗannan da biza suka shigo, ɗalibai da ma'aikatan jinya da masu kula da tsofaffi, gwamnatin da ke kukan baƙi ita ce ta buga musu hatimi saboda jami'o'inta na buƙatar kuɗin makarantarsu, asibitocinta na buƙatar hannayensu. Kusan ɗaya cikin biyar na ma'aikatan hukumar lafiya ta Ingila ba 'yan ƙasar ba ne, kuma 'yan Najeriya na sahun gaba bayan Indiyawa da 'yan Filifin.

'Yan siyasa sun san duk wannan, amma hoton kwalekwale ya fi kawo ƙuri'a. A 2012 Theresa May, tana ministar cikin gida, ta ce burinta ta mayar da ƙasar wurin da zama zai gagari baƙin haure. A 2013 aka zagaya unguwannin Landan da motoci ɗauke da allon da ke cewa a koma gida ko a sha kamu. A ƙarshen Oktoban 2022, kwana ɗaya bayan wani ya jefa bam ɗin fetur a cibiyar karɓar baƙi ta Dover, minista Suella Braverman ta tsaya a majalisa ta kira zuwan masu kwalekwale mamaya. Firaminista Rishi Sunak ya mayar da “a tsayar da jiragen” taken mulkinsa, kuma shi ne taken da aka ji masu jifa suna rerawa a 2024. An zuba wajen fam miliyan 700 a shirin tura masu neman mafaka Ruwanda, ba a tura ko mutum ɗaya bisa tilas ba. Braverman da Sunak duk 'ya'yan baƙi ne, abin da ke nuna cewa launin fatar minista ba ya kare kowa.

Mu ma ba baƙin wannan dabara ba ne. A ƙarshen 1969 gwamnatin Busia a Ghana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, Hausawa da Yarabawa 'yan kasuwa da suka haifi 'ya'ya a Kumasi da Accra suka bar dukiyarsu suka hau manyan motoci. A Janairun 1983, farashin mai ya faɗi, zaɓe ya ƙarato, gwamnatin Shagari ta yi irin haka, 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya suka fita, tare da 'yan Nijar da 'yan Chadi. Ba a taɓa jin cewa korar ta gyara tattalin arzikin ko ɗaya daga cikin ƙasashen biyu ba.

Amma labarin Agustan 2024 yana da ɗaya ɓangaren. Da gari ya waye bayan harin da aka kai wa masallacin Southport, mutanen unguwa suka fito da tsintsiya da shebur, magina na garin suka zo da siminti suka sake ɗora katangar masallacin ba tare da sun karɓi ko kwabo ba. A Liverpool, ranar Juma'a 2 ga Agusta, wasu suka taru gaban masallacin Abdullah Quilliam, wanda tarihinsa ya faro tun 1889. Ɗaruruwan mutanen gari, Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba, suka tsaya a gabansa. Da ƙura ta ɗan lafa, limami Adam Kelwick ya tsallaka titi da abincin da aka dafa a masallacin, ya miƙa wa waɗanda suka zo zanga-zangar, ya tsaya ya saurare su, har hotonsa ya bazu yana rungume da ɗaya daga cikinsu. Ɗakin karatu na Spellow da aka ƙone a birnin kuwa, jama'a suka tara masa wajen fam 250,000, aka sake buɗe shi kafin shekara ta ƙare.

Sai ranar Laraba 7 ga Agusta. An baza jerin adireshin ofisoshin lauyoyin baƙi da cibiyoyin ba su shawara a Telegram, aka ce a far musu da daddare. Masu shaguna suka toshe ƙofofi da katako, asibitocin unguwa suka tashi da wuri, aka tanadi 'yan sandan kwantar da tarzoma wajen 6,000. Da yamma ta yi, waɗanda suka cika titunan Walthamstow da Brighton da Bristol da Newcastle da Birmingham dubban masu kare baƙi ne: malaman makaranta, 'yan ƙungiyoyin ƙwadago, mutanen coci da na masallaci, tsofaffi farare masu sanda, samari baƙaƙe da Asiyawa. A Brighton 'yan tsirarun masu ƙyamar baƙi da suka fito sai da 'yan sanda suka kare su a jikin bango. Washegari har jaridun da suka saba zafafa magana a kan baƙi suka yaba wa taron a shafinsu na farko.

Ba zan ce taron nan shi kaɗai ya kashe wutar ba. Kafin tsakiyar Agusta an kama mutum sama da 1,000, kotuna suna yanke hukunci cikin kwanaki, wasu daga cikin masu harin Rotherham suka sha ɗaurin shekara 9. Tsoron kurkuku ya yi aikinsa. Abin da taron ya yi, wanda kotu ba za ta iya ba, shi ne ya ƙaryata iƙirarin masu tarzoma cewa su ne bakin jama'ar gari. Kuma ya gaya wa matar da ta kwana uku ba ta fita da hijabinta ba cewa maƙwabcinta yana gefenta.

Wannan haɗin kai ba daga sama ya faɗo ba, kuma tarihinsa ba mai daɗi ba ne duka. A Afrilun 1968, da ɗan majalisa Enoch Powell ya yi jawabinsa na Birmingham yana hasashen zubar jini saboda baƙi, 'yan dakon tashar jiragen ruwa ta Landan sun ajiye aiki sun yi maci don goya masa baya. A 1974, ma'aikata Asiyawa a wata masana'antar keken rubutu a Leicester suka shiga yajin aiki kan bambancin da ake nuna musu, shugabannin ƙungiyarsu na yankin suka juya musu baya. Shekara biyu bayan haka aka yi Grunwick.

Grunwick masana'antar wanke hotuna ce a arewa maso yammacin Landan. Yawancin ma'aikatanta mata ne 'yan asalin Indiya da suka baro Uganda da Kenya da Tanzaniya, ana biyansu kaɗan, ana tilasta musu ƙarin lokaci ba gargaɗi, sai sun nemi izini kafin su zaga bayi. A Agustan 1976 ɗaya daga cikinsu, Jayaben Desai, ta fice, wasu suka bi ta, kamfanin ya kori mutum 137. Suka tsaya a bakin ƙofa da sari da rigar sanyi, hunturu ya zo ya wuce. Daga nan suka riƙa bin masana'antu da tarukan ƙwadago ɗaya bayan ɗaya suna ba da labarinsu. Ma'aikatan gidan waya na Cricklewood suka ƙi taɓa wasiƙun kamfanin, alhali da wasiƙa yake karɓar aiki, aka dakatar da su saboda haka. Jagoran ƙwadago Arthur Scargill ya kawo masu haƙar kwal daga Yorkshire. Ranar 11 ga Yulin 1977 mutum wajen 20,000 suka cika titunan wurin, cikinsu har da 'yan dakon Landan, sana'ar da ta yi wa Powell maci shekara tara kafin nan. Abin da ya sauya su ba wa'azi ba ne. Sun ga mai kamfani yana yi wa matan nan abin da suka san za a iya yi musu gobe.

Duk da haka an ci su da yaƙi. Kwamitin alƙali Scarman ya ba da shawarar a mayar da su aiki a amince da ƙungiyarsu, mai kamfanin George Ward ya ƙi. Manyan ƙwadago suka ja da baya. A Nuwamban 1977 Desai da abokanta suka yi yajin cin abinci a ƙofar hedikwatar haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadago, ƙungiyarsu ta dakatar da su. A Yulin 1978 aka janye yajin ba a mayar da kowa ba. Taron titi yana da iyaka idan masu riƙe da hukunci suka toshe kunne.

A wancan zamanin kuma aka biya da rai. Ranar 4 ga Mayun 1978 aka kashe Altab Ali, matashi ɗan Bangladesh mai aikin ɗinki, a Whitechapel, mutum wajen 7,000 suka bi akwatin gawarsa cikin ruwan sama zuwa tsakiyar Landan. A Afrilun 1979 Blair Peach, farin malamin makaranta ɗan New Zealand, ya mutu a Southall bayan an buge shi a ka lokacin zanga-zangar adawa da jam'iyyar National Front mai ƙyamar baƙi, kuma rahoton cikin gida na 'yan sanda da aka saki a 2010 ya nuna cewa kusan tabbas jami'insu ne ya buge shi.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na titin Kenmure a Glasgow. Ranar 13 ga Mayun 2021, safiyar ƙaramar Salla, jami'an shige da fice suka shiga unguwar Pollokshields suka ɗauko wasu Indiyawa biyu suka saka a mota. Kafin direba ya tayar, wani mutum ya shige ƙarƙashin motar ya kwanta. Saƙo ya zagaya wayoyin maƙwabta, mutane suka fito suka zauna a kan kwalta, masu dawowa daga Idi da kayan Sallarsu suka tsaya, aka riƙa miƙo ruwa da abinci. Mutanen biyu mabiya addinin Sikh ne, ba Musulmi ba, babu wanda ya damu da haka. Abin da ake ta faɗa shi ne: maƙwabtanmu ne, ku sake su. Bayan kusan awa takwas 'yan sandan Scotland suka buɗe motar, mutanen suka fito tare da lauya Aamer Anwar, jama'a suka raka su.

Mai kallo daga nesa zai ɗauka abin ya faru ne haka kawai. Alhali tun 2005 'yan mata 'yan makarantar Drumchapel suka tayar da ƙura bayan an kama ƙawarsu 'yar Kosovo da asuba, kuma a dogayen benayen Kingsway matan unguwa sun yi ta tashi kafin alfijir suna gadin motocin jami'ai don su sanar da iyalan baƙi. Akwai lambobin waya da aka riga aka raba, akwai lauyan da za a kira, akwai waɗanda suka san abin da doka ta yarda da shi. Shekara goma sha shida na wannan aikin ne ya fito fili a rana ɗaya.

Akwai wata magana da ake ji a bakin wasu 'yan Afirka masu biza: mu ta ƙofa muka shigo, muna biyan haraji, matsalar masu kwalekwale ce. Na fahimci inda take fitowa, mutum ya sayar da fili ya biya kuɗin makaranta da na biza da harajin lafiya. Sai dai samarin da suka tare titi a Middlesbrough ba su nemi ganin fasfon kowa ba. Kuma tsarin da aka kafa don baƙin haure shi ne ya cinye mutanen Windrush, waɗanda suka zo daga yankin Karibiyan bisa doka tun suna yara, suka yi aiki shekara arba'in, sannan aka kore su daga aiki, aka hana su magani, aka tasa ƙeyar wasu zuwa ƙasashen da ba su sani ba, har minista Amber Rudd ta sauka a 2018. Tun kafin su akwai David Oluwale, ɗan Legas da aka tsinci gawarsa a kogin Aire na Leeds a 1969, aka ɗaure 'yan sanda biyu a 1971 bisa laifin dukansa. Da aka kafa allon tunawa da shi a 2022, an sace shi a daren farko. Mutanen Leeds suka mayar da martani da lilliƙa hotonsa a ko'ina cikin birnin.

Ba a ci nasara ba tukuna. A Mayun 2025 gwamnatin Keir Starmer ta fitar da shirin tsaurara shige da fice, ciki har da ƙudurin tsawaita jiran izinin zama na dindindin daga shekara biyar zuwa goma, kuma a Yuli ta rufe ɗaukar masu kula da tsofaffi daga waje. A bazarar 2025 zanga-zanga ta koma ƙofofin otel, ta fara daga garin Epping. Ranar 13 ga Satumba mutum sama da 100,000 suka amsa kiran Tommy Robinson, wani jagoran masu ƙyamar baƙi, a Landan, masu adawa da su ba su wuce 'yan dubbai ba.

Shi ya sa nake ganin fagen da ya fi muhimmanci yanzu shi ne gidajen kula da tsofaffi, inda 'yan Najeriya da Zimbabuwe da Indiya ke aiki kafaɗa da kafaɗa da matan Ingila masu ƙaramin albashi. Bizar ma'aikacin waje a ɗaure take da sunan kamfanin da ya kawo shi. Idan ya yi ƙorafi aka sallame shi, kwana 60 gare shi ya samo wani ko ya tattara. Gwamnati da kanta ta ce ta soke lasisin kamfanoni sama da 470 a wannan fanni tsakanin 2022 da 2024, abin da ya shafi ma'aikata sama da 39,000, da yawansu sun biya dillalai maƙudan kuɗi kafin su zo. Ƙungiyar ƙwadago ta Unison tana neman a raba bizar da sunan kamfani ɗaya, a mayar da ita ta fannin baki ɗaya. Baturiyar da ke aiki a ɗaki ɗaya da ɗan Najeriyan tana da riba a wannan buƙata, domin muddin akwai wanda ba ya iya cewa a'a ga aikin awa goma sha biyu, ita ma albashinta ba zai motsa ba.